Gasar samfurin littafin hoto na haɗin hannu: wane ɗinki, wane bango, kuma ta yaya zai isa lafiya?

Nafisa Mai Kyamara:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman ƙarin haske kan gasannin da ake yi a Turai na samfurin littafin hoto, wanda mai hoto ya haɗa da hannunsa kuma ba a taɓa buga shi ba. Me ake nufi da "ba a buga ba" a wurinsu? Wane irin ɗinki ya fi dacewa? Sannan bangon fata irin na dukawanmu zai ƙara wa littafi daraja a idon alƙalai, ko ɓata kuɗi ne?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Waɗanda aka fi sani su ne Dummy Award da ta samo asali daga bikin littattafan hoto na garin Kassel a Jamus, da LUMA Rencontres Dummy Book Award da ake yi tun 2015 a bikin hotuna na Arles a kudancin Faransa. A ta Arles, abin da ake ba wanda ya yi nasara shi ne kuɗin buga littafin, Yuro 25,000. A tsarin Kassel kuma ana tace kusan littattafai 50 a zagaya da su nune-nune a ƙasashe daban-daban, a buga wanda ya zo na ɗaya. An kuma yi MACK First Book Award da aka fara a Landan a 2012, wadda aka tsara don wanda wani kamfanin ɗab'i bai taɓa buga masa littafi ba.

Abu biyu za ki fahimta daga wannan. Na farko, ladan gasar bugu ne, don haka alƙalai suna duba ko littafin zai bugu ɗaruruwa a maɗaba'a. Na biyu, idan ya shiga jerin waɗanda aka tace, zai zauna a kan tebur mutane suna buɗe shi daga safe har yamma, a garuruwa da yawa. Ɗinkin da ba zai jure wannan ba bai dace ba, komai kyansa.

Batun "ba a buga ba", kowace gasa da nata sharaɗin, kuma yakan canza daga shekara zuwa shekara. Abin da aka fi gani shi ne kada ya kasance da lambar ISBN, wato lambar shaida da ake ba littafin da aka buga don kasuwa, kada ya kasance an rarraba shi a kasuwa, kada kuma a ce akwai yarjejeniya da wani kamfanin ɗab'i. Sa hotunan a Instagram ko nuna su a bango galibi ba ya hanawa. Inda ake faɗawa rami shi ne mutum ya haɗa kwafi talatin ya sayar wa abokai, sannan ya ce ai bai buga ba. Ki karanta sharuɗɗan shekarar da kanki kafin ki sayi ko da takarda ɗaya.

Baba Ɗanlami Mai Ɗauri:
'Yata, kafin a je ga fata a tsaya a kan takarda, don a nan yawancin littattafan hannu suke lalacewa. Takardar inji tana da jijiya, zaruruwanta sun kwanta ta fuska ɗaya. Dole jijiyar ta bi tsawon gadon bayan littafi, daga sama zuwa ƙasa. Haka ta kwalin bango, haka ta takardar da ake liƙawa cikin bango, haka ta yadin rufi. Idan aka saɓa, shafuka za su riƙa tsayawa ƙiƙam maimakon su kwanta, wurin ninki ya tsage, kusa da ɗinki ya yi tamoji da zarar ya sha danshi.

Gwajin ba wuya. Ki ɗauki takardar ki lanƙwasa ta a hankali ba tare da ninkewa ba, ta tsawo sannan ta faɗi. Fuskar da ta fi saurin bi, jijiyar tana tafe ne tare da wannan lanƙwasar. Ko ki yanki ƙaramin yanki ki jiƙa gefe ɗaya, zai naɗe, kuma tsawon naɗin shi ne jijiyar. A4 ta kasuwa galibi jijiyarta ta bi tsawonta ne, milimita 297. In kin ninka ta biyu don ki sami A5, kin ninka a kan jijiya ke nan, kin karya ta. Mafita ita ce ki sayi babbar takarda a wurin masu sayar wa maɗaba'a, ki gwada, ki sa a datsa miki yadda jijiyar za ta bi gefen da zai zama baya.

Nauyin takarda kuma tsakanin giram 120 da 150 a kowace murabba'in mita ya fi daɗin aiki. Ƙasa da 120 hoton bayan shafi yana leƙowa. Daga 170 zuwa sama sai an fara tsaga layin ninki da ƙashi ko bayan wuƙa marar kaifi a jikin rula, in ba haka ba fuskar takardar ta fashe.

Nafisa Mai Kyamara:
Na gode Baba. To shafuka nawa ake sa wa a ƙunshi ɗaya, wato fallayen da ake ninkewa tare a ɗinke, kuma yaya ake jera su wajen bugawa?

Baba Ɗanlami Mai Ɗauri:
Falle huɗu a ninke, shafi 16 ke nan. Littafi mai shafi 64 ƙunshi huɗu. In takardar ta kai giram 170, ki rage zuwa falle uku, shafi 12, domin idan ƙunshi ya yi kauri fallayen ciki suna turowa waje, in an datse baki sai gefen hotunan tsakiya ya fi na waje raguwa.

Jeri a ƙunshi mai shafi 16: falle na farko, 16 da 1 a fuska ɗaya, 2 da 15 a bayansa. Na biyu, 14 da 3, bayansa 4 da 13. Na uku, 12 da 5, bayansa 6 da 11. Na huɗu, 10 da 7, bayansa 8 da 9. Duk shafi biyu da ke zaune tare jimlarsu 17 ce, in kin ga wani lissafi daban an yi kuskure. Ki fara haɗa shi da farar takarda kina rubuta lambobin da fensir kafin ki taɓa firinta.

Sadiya K.:
Ƙari a kan na Baba: hoton da zai ratsa shafi biyu, wuri mafi aminci gare shi shi ne 8 da 9, don falle ɗaya ne. Amma a nan zaren ɗinki yake fitowa fili, saboda haka kada fuskar mutum ta faɗo a tsakiya. A sauran wurare rabin hoton yana kan wani falle, rabin yana kan wani, kuma firinta takan zame milimita ɗaya ko biyu tsakanin gaba da baya. Ido yana kama wannan nan take idan akwai layin sararin sama ko katanga a hoton.

Malam Habu:
Kada gyaran takarda ya sa a manta da abin da alƙalai suke fara dubawa. Suna da ɗaruruwan littattafai a gabansu, kowanne 'yan mintoci yake samu a zagayen farko. Jerin hotuna shi ne littafin. A wanke ƙananan hotuna, santimita 10 da 15 ko ƙasa da haka, a shimfiɗa su a tabarma, a rage su daga 150 zuwa 40 ko 60. Hoto biyu da suke faɗin abu ɗaya, ɗaya ya fita, ko da shi ne wanda aka fi wahala wajen ɗauka. A bar farin shafi inda mai kallo yake bukatar ya numfasa. Ni a ganina littafi mai hoto 35 da kowanne ke jan na gaba ya fi mai 90 da aka zuba kawai don an ji tausayin zubar da su.

Ila Damagaram:
Malam Habu, gaskiya ne, amma ban yarda a raina fata ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ba ƙaramin suna ta yi a wurin masu ɗaurin littafi na Turai ba, sun daɗe suna nemanta saboda ƙarfinta da kyan ƙwayar fuskarta. Jima da bagaruwa ake yi, jan launi kuma daga karan dafi. Mai hoto daga Ƙasar Hausa ya rufe littafinsa da ita, abin gida ya kai. Kuma muna da namu tsarin tun da can: fallaye a sake ba ɗinki, tsakanin tadarishi, wato marufi biyu masu tauri, a cikin gafaka. Me zai hana littafin hoto ya fito a haka?

Hajiya Rabi:
Malam Ila, abin da zai hana shi ne teburin nuni. Fallaye a sake suna zama daidai a hannun almajirin da ya san jerinsu, kuma ka san magabata sukan rubuta kalmar farko ta falle na gaba a ƙasan wanda ya gabata don kada a ruɗe. Baƙon da ya zo kallo bai san wannan ba. Mutum goma na farko za su hargitsa jerin, kafin mako ya fita falle biyu sun bi wani. Jerin da Malam Habu yake magana a kai ya tafi ke nan. Sai dai idan aikin da kansa an tsara shi ne a kalle shi ta kowane jeri, to wannan daban, kuma ko a haka a sa lamba a bayan kowane falle.

Fata kuma ba na ƙin ta, amma a tambayi kai: me ya haɗa ta da hotunan? Idan aikin a kan majema ne, ko mahauta, ko makarantun allo, fatar tana magana. Idan a kan 'yan adaidaita sahu ne, me fata take yi a wurin? Ado ne kawai, kuma alƙalan da suka saba suna gane bangon da aka yi don a burge baƙo.

Ila Damagaram:
Na karɓi ta fallaye, Hajiya. Ta fata kuwa ina nan a kan bakata in ta dace da aikin. Ga yadda za a kauce wa matsala. A zaɓi wadda ta jemu sosai, ba wari, ba maiƙo a hannu, don wadda aka shafa wa mai da yawa tana zubar da shi cikin takarda ya zama tabo mai ruwan ɗorawa. A goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a fuskarta, in ya ɗauki ja to zai ɗauka a hannun alƙali da littafin da aka jingina da shi. Kaurin da ake so wajen rufi kamar milimita 0.6 zuwa 0.8 ne, a kuma feƙe gefunan da za a naɗe ciki su fi haka siranta, baduku ya san yadda ake yi. Kuma ba dole a rufe duka ba. A sa ta a gadon baya kaɗai ta shigo santimita uku kowane gefe, sauran a rufe da yadi ko takarda. Ya fi sauƙi, kuma maɗaba'a za ta iya kwaikwayonsa.

Abin da ba a taɓawa sam: fatar mesa, ta kada, ta guza ko damo. Suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, duwan, wato kwastan, za ta riƙe kayan in babu takardar izini.

Sadiya K.:
Haka yadin rini. Shuɗin marinar Ƙofar Mata yana da kyau a bango, amma baba yana zuba. A wanke shi har ruwan ya fita fari, a goge, sannan a liƙa masa siririyar takarda a baya kafin a rufe kwali da shi. In ba a yi haka ba gam yana ratsa saƙar ya fito ta fuska ya bar ɗigo-ɗigo masu sheƙi da ba sa fita.

Baba Ɗanlami Mai Ɗauri:
To mu koma ɗinki. Ɗinkin gefe irin na Japan, wanda ake huda fallaye a jere a ɗinke ta waje, shi ne masu farawa suka fi so don sauƙinsa. Amma ba ya buɗewa ya kwanta, yana cin santimita biyu da rabi zuwa uku na gefen ciki, kuma takarda mai kauri ba ta yarda da shi. Mai kallo zai riƙa danne shi da hannu biyu, ƙarshe ramukan su yage. Liƙa fallaye da gam kaɗai a baya ya fi wannan muni a takardar hoto mai santsi, shafuka suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da nake ba da shawara shi ne ɗinkin ƙunshi ta cikin ninki. A yi ma'auni da kwali siriri, a huda kowane ƙunshi da basilla a wuri ɗaya: rami ɗaya milimita 15 daga sama, ɗaya milimita 15 daga ƙasa, sannan ramuka huɗu a tsakani, biyu-biyu, don tsiri biyu na yadi da zaren zai haye. Zare mai ƙarfi na lilin ko auduga, a ja shi a kan kakin zuma sau biyu don kada ya sarƙe. Na roba yana yanka takarda. Ana jan zare ne ta fuskar da ake tafiya, a kwance tare da ninkin. In aka ja shi sama, ramin ya tsage. A ƙarshen kowane ƙunshi a ɗaure shi da na ƙasansa, ƙulli ɗaya, ba tamau ba, in ya yi tamau sama da ƙasa za su tsuke, tsakiya ta kumbura. Bayan an gama a daidaita bayan a tebur, a shafa gam siriri, a liƙa yadi marar kauri da ya wuce santimita biyu kowane gefe.

Bango: kwalin toka mai kaurin milimita 2. Idan cikin littafin milimita 170 da 230 ne, kowane kwali ya zama 166 da 236, wato ya fi shi tsawo da milimita uku sama da ƙasa. Tsirin baya faɗinsa kaurin cikin littafin haɗe da kaurin kwali biyu. Tsakanin tsirin da kowane kwali a bar milimita 7. Wannan ratar ita ce gaɓar littafin, in ta yi kaɗan bangon ba zai buɗe ba sai ya yage takardar ciki. Rufi ya wuce kwali da milimita 15 zuwa 20 don naɗewa, a kusurwa kuma a yanke a karkace a bar milimita 3 daga bakin kwalin.

Auwal Zariya:
Baba, wane gam? Na masu takalma yana kamawa da sauri.

Baba Ɗanlami Mai Ɗauri:
Ɗana, ka nisanci wannan. Warinsa yana zama cikin littafi, yana rinar da takarda, kuma da ya taɓa ya kama, ba gyara. Ƙaro kuma yana bushewa ya farfashe a gaɓa. Farin gam na kafintoci, PVA, shi ne na yadi da gadon baya. Na fata da takardar cikin bango kuma kunun fulawa: awo ɗaya na fulawar alkama, awo huɗu zuwa biyar na ruwa, a dama da ruwan sanyi, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri ya fara sheƙi, ya huce, a tace. A zafinmu ba ya wuce kwana biyu sai a firji. A hunturu farin gam yana bushewa kafin ka gama shafawa, sai a gauraya shi da kunun rabi da rabi ya ba ka lokaci.

Kwali yana lanƙwashewa ta gefen da aka fi jiƙawa. Rufin waje yana jan shi waje, takardar ciki ita ke jawo shi ya dawo, shi ya sa ba a barin gefe ɗaya ba liƙi. Da an haɗa, a sa leda tsakanin bango da shafin farko don danshi kada ya shiga hotuna, a danne da katako da nauyi awa 24 zuwa 48. Wanda aka haɗa a damina ya fi bukatar haƙuri, in aka kulle shi a leda bai bushe ba fumfuna ce za ta riga shi isa.

Sadiya K.:
Bugun hotunan kansa ba a taɓa shi ba. Ƙorafin da aka fi yi shi ne hoto ya fito da duhu. Laifin hasken fuskar kwamfuta ne, yawanci an ƙure shi. A rage shi sosai, a buga gwaji a kan takardar da za a yi aikin da ita, a duba a hasken rana kusa da taga. A hotunan mutanenmu wannan ba wasa ba ne: takarda marar sheƙi tana shanye inuwa, fuskar baƙin mutum ta zama dunƙule ɗaya ba ido ba kunci. A ɗaga wuraren duhu kaɗan kafin bugu, a yi gwajin da hoton da ya fi kowanne duhu.

Girman fayil: ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton santimita 20 da 30 yana son kusan fiksel 2,360 da 3,540. Wanda ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, a koma asalin. Hoton da zai cika shafi har baki a ƙara masa milimita 3 kowane gefe don datsa.

Firintar tawada tana ba da launi mafi zurfi, amma sai da takarda mai karɓar bugu fuska biyu, kuma a bar kowace fuska ta bushe yini guda kafin a juya ko a ninka. Injin tona, wato mai garin tawada, na shagunan bugu ya fi sauri da arha, aibinsa shi ne tonar tana zaune a saman takarda, tana fashewa a ninki ta bar farin layi a tsakiyar baƙin hoto. Tsaga layin ninki tun farko yana rage wannan.

Hajiya Rabi:
In za a sa rubutun Hausa, a tabbatar salon haruffan yana da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu. In babu, kwamfutar shagon bugu za ta cike gurbin da wani salo ko ta sa akwati. Noto da Charis da Gentium suna da su. A kai aikin a PDF da haruffan a ƙunshe ciki. A sa fassarar Turanci ko Faransanci a ƙarshe ko a ɗan falle daban don alƙalai. Idan da ajami ne kuma littafin zai buɗe daga dama, a nuna hakan a bango sarai, in ba haka ba za a fara shi daga ƙarshe.

Sannan izini. Littafin nan zai iya zagaya ƙasashe, a ɗauki hotonsa a sa a intanet. Matar da ta yarda a ɗauke ta a tsakar gida ba lallai ta yarda da wannan ba. A koma a gaya wa mutane inda hoton zai je, na yara kuma a tambayi iyayensu.

Malam Habu:
Wani abu kan girma, tunda burin a buga ne. Maɗaba'u da yawa a Turai suna aiki da takarda mai santimita 70 da 100. Littafi mai kusan 17 da 24 yana fitar da shafi 32 daga falle ɗaya, da ya ɗara haka sosai sai ya koma 16, kuɗin takarda da bugu ya haura. Hoton da aka liƙa da hannu, shafi mai buɗewa gida uku, ambulan a ciki, kowanne aikin hannu ne da za a maimaita a kowane kwafi. Ɗaya ko biyu da suke da dalili ba laifi.

Nafisa Mai Kyamara:
Allah ya saka da alheri. Saura aikawa. Kwafi nawa zan haɗa, kuma me zan rubuta a takardar kwastan?

Ila Damagaram:
Aƙalla uku, ƙanwata: na gwaji, na aikawa, na ajiya. Gasanni da yawa ba sa mayar da littafi, ko sai kin biya kuɗin dawowa, kada ki aika wanda ba ki da irinsa. Ki ɗauki hoton kowane buɗi da ɗan bidiyon ana buɗe shi, wasu suna fara neman wannan ko PDF kafin littafin.

A takardar duwan ki rubuta cewa samfurin littafi ne ba na sayarwa ba, ki sa kimar kayan da aka haɗa shi da su kawai. Tun 1 ga Yulin 2021 Tarayyar Turai ta cire sassaucin harajin da ake yi wa ƙananan kaya na ƙasa da Yuro 22, don haka ko ƙaramin ƙunshi ana iya neman kuɗi a kansa, kuma masu gasa kan ƙi karɓar wanda ya zo da bashin haraji. Ki gaya wa kamfanin aikawa cewa ke za ki biya komai daga nan. Ki duba kuma ko ranar rufewa ta isowar kaya ce ko ta hatimin gidan waya, ki ba da ratar mako uku zuwa huɗu.

Baba Ɗanlami Mai Ɗauri:
Ki naɗe shi da farar takarda, sannan leda, sannan kwali biyu da suka fi littafin girma da santimita biyu kowane gefe, don kusurwa ce take fara shan duka. Kada akwatin ya yi girma: kamfanonin aikawa suna lissafin tsawo sau faɗi sau tsayi a raba da 5,000, akwati mai santimita 35 da 30 da 10 za a caje ki kilo 2.1 ko da littafin bai kai kilo ɗaya ba. Sunanki da lambar rajista ki rubuta su da fensir a cikin bangon baya, don takardar da aka saka a sake tana rabuwa da littafi tun a wurin buɗe kaya.